Injin da Vasu Ya Zaɓa

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda na garin Muhamma cewa an ga gawa a tafki. Sufeto Sudhakaran ya ture shayinsa, ya kira Saje Kunjappan suka tafi.

Mamacin shi ne Vasu, mai nutso yana kwaso katantanwar ruwa. An same shi rungume da gorar da yake kafawa a inda yake aiki. A kafaɗarsa akwai yanka uku a jere, ƙanana amma masu zurfi.

"Farfelar injin jirgi ce, Yallaɓai," in ji likitan da ya duba gawar. "Ƙarama. Kuma ba nan take ya mutu ba. Ya kai rabin awa yana riƙe da gorar nan jini na zuba. Da an ɗauke shi, da ya rayu."

Wannan rabin awar ita ta tsaya wa Sufeto a rai.

Ya tara sauran masu nutso a ƙarƙashin bishiyar kwakwa. "Wane jirgi ne ya wuce da safe?"

"Babu," in ji wani dattijo.

"Baba, farfela ba ta yawo ita kaɗai."

"Yallaɓai, kai a kan tudu kake cin abincinka. Mu a ƙasan ruwa da kunne muke gani. In ka ji inji, sai ka kama gindin gora ka jira ya wuce, sannan ka ɗago. Shekara talatin Vasu yana haka. Ko babur ɗin surukina na san kukansa, balle jirgi. Yau ba mu ji komai ba."

Omana, matar Vasu, tana zaune kusa da tukunyar dafa katantanwa, wutar ta mutu. Ta ce mijinta ba shi da abokin gaba. Amininsa ɗaya ne, Ouseph mai kwalekwale, kuma makon jiya ma tare suka je birnin Alappuzha sayen injin kwalekwale.

Washegari Sufeto da Saje suka je shagon. Mai shagon, Moidu, bai yi wahalar tunawa ba.

"Ai sun ba ni ciwon kai! Inji huɗu na tayar musu a cikin duro. Na nuna musu mai ƙarfi, na nuna musu mai shan mai kaɗan, duk suka ƙi. Ɗayan nan, Vasu, sai ya kafa kunne a jikin duron ya rufe ido. Na ce, 'Malam, inji ka zo saya ko kwakwa?' Da na kunna mai batir sai ya ce, 'Wannan. Ko jariri ba zai tayar ba.'"

"Me ya sa suke neman marar ƙara?"

"Matar Ouseph. Sau uku a mako yake ƙetare tafki da ita wankin ƙoda. Ƙarar tsohon injin tana sa ta amai."

Saje ya dubi maigidansa. Suka nufi gidan Ouseph.

Kwalekwalen yana ɗaure a bakin ruwa, da tsohon injin fetur a bayansa. Ouseph ya fito yana gyara zanensa, idanunsa ja.

"Ina sabon injin?"

"Ban taɓa ɗaura shi ba, Yallaɓai. Batir ɗin bai yi ba. Na ba wani ya mayar."

"Wa?"

"Wani ɗan'uwana."

Sufeto ya tsuguna a bayan kwalekwalen. Gefen maɗaurin tsohon injin akwai wasu tabo biyu sababbi a katako, ƙanana, ko ruwa bai baƙanta su ba. Ya shafa su da yatsa, ya miƙe, ya nemi izinin gaida mai jiki.

Thresia, matar Ouseph, tana kwance ƙarƙashin hoton Maryamu, ta rame kamar tsinke.

"Sannu, Yaya. Yaya hanya jiya?"

"Jiya ai na huta, ƙanena. Tun daga nan na yi barci sai a bakin asibiti, bayan ko numfashi ya ƙi mini da asuba. Allah Ya ji ƙan Vasu, shi ya zaɓa mana." Ta juya ga mijinta. "Kai kuma don me ka sake ɗaura wancan tsohon mai ihun?"

Ouseph ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa. Saje ya leƙa bayan ɗaki, ya ɗaga tulin ganyen kwakwa. Injin yana nan, kunnen farfela ɗaya ya lanƙwashe.

"Na ga gorarsa," in ji Ouseph a hankali. "Na bi ta kusa kamar kullum, don in ya ɗago in yi masa tsiya. Na manta ba zai ji ni ba. Shi ma ya manta. Na waiga na ga ya kama gora. Ya ɗaga mini hannu. Matata kuma leɓenta ya yi baƙi. Na ce wa kaina, in ya iya ɗaga hannu ai da sauƙi, mutane za su gan shi. Yallaɓai, har yanzu ban sani ba ko cewa yake in tafi, ko in zo."

Sufeto ya daɗe yana kallonsa. Ya sha kama mutanen da mugunta ta kai su ga laifi, waɗannan ba sa hana shi barci.

"Ko kira ɗaya ba ka yi ba," ya ce. "Tashi mu je."

Ba a sa masa ankwa ba. Mutanen ƙauye sun taru a bakin ruwa, Omana a cikinsu da farin zane. Ouseph ya kasa kallonta, sai ya tambayi Sufeto, "Gobe ranar wankin ƙodar matata ce. Wa zai kai ta?"

Aka ji Thresia tana kuka a ɗaki.

Omana ta matso, ta kwance igiyar kwalekwalen, ta naɗe ta a hannu. Ba ta dubi Ouseph ba.

"Ni zan kai ta," ta ce. "Amma da tsohon injin. In za ta yi amai ta yi. Na ƙasan ruwa su ji muna zuwa."