Ƙullin Ƙasar Malam Nomau

Uwar-Damina ta zuƙo tururi daga cikin ƙasa, ta sanyaya shi, ta yayyafa wa geron. Sannan ta kunna fitilun rufi, hantsi ya dubi gidan gilas, alhali a waje duhu ne da ƙanƙara.

Dakta Rakiya ce ta ƙera wannan na'ura a wani ɗan gari na ƙasar Aislan, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa har a bakin titi. Tun da rairayi ya cinye gonakin garinsu, Tungar Maje, irin geronsu bai saura ko'ina ba sai a ɗakin nan. Doka guda aka ɗora wa na'urar: duk abin da ba gero ba, kada ya rayu. Mutanen zamanin sun fi son tsabta a kan hankali.

Mahaifinta, Malam Nomau, ya zo mata ziyara. Ya daɗe a tsakanin kunyoyi yana murza ganye yana sunsunawa.

"Baba, ya ka gani? Ba kamar gida ba?"

"Gero dai gero ne, 'yar nan. Amma wannan baƙar tokar da kika shuka shi a kai, ina ya san ta? Ko tsuntsu ɗaya babu mai yi muku sata."

"Ai shi ne daɗin."

"Daɗin wa?"

A aljihunsa akwai ƙullin ƙasar da ya ɗebo a gonar ubansa ranar da suka tashi. Al'adar garinsu ce, wanda ya sake gona ya zuba wa sabuwar ƙasar tsohuwa, don kada shuka ta yi baƙunta. Bai nemi izinin kowa ba, ya kwance ya zuba.

Ƙwayar wuta-wuta, ciyawar nan mai kashe gero, takan kwanta shekaru a ƙasa tana jiran saiwar gero. Sa'ad da zangarniya ta fara nuna, tsohon ya tarar da 'yan furanni ja-ja a gindin kara. Ya tsuguna yana dariya, idonsa cike da ƙwalla.

"Rakiya, zo ki ga tsohuwar maƙiyiya ta biyo mu. Uwarki, Allah ya jiƙanta, har zaginta take yi kamar mutum. Bar ni da ita, da hannu ake cirewa."

Amma na'urar ta riga ta gani. Jiniya ta kaɗa, hannuwan ƙarfe suka tura su waje, ƙofa ta datse. Rakiya ta danna duk abin da ke dannuwa. A banza. Ita da kanta ta tsara ta yadda ba mai iya roƙonta.

Uwar-Damina ta saki tururin yadda ya fito daga ƙasa, ba sanyayawa. Gilas ya yi fari. Geron Tungar Maje ya dahu a tsaye.

Rakiya ta zauna a kan ƙanƙara. Ta wata 'yar kafa ƙamshi ya riƙa fitowa. Malam Nomau ya kai hancinsa wurin, ya lumshe ido.

"Matso, 'yar nan," ya ce a hankali. "Haka gidanmu yake ƙamshi da kaka. Shaƙi da kyau. Babu wani bayan wannan."