Ƙarar da Ke Cikin Akwatin Mu'az

"Ki gaya wa Mu'az ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci, ya zo da jitar da wannan akwatin nasa ya ajiye su a gabana. In ya yi haka, na ba shi ke."

Lauratu na durƙushe a bakin ƙofar ɗakin Baffa, mahaifinta, hawaye na ɗiga a kan hijabinta. Da ƙyar ta ɗago kai.

"In kuma bai zo ba fa, Baffa...?"

"Ni dai na gama magana."

Ya jawo carbinsa, ita kuwa ta tashi ta fita.

Mu'az mai gyaran rediyo ne, shagonsa na bakin titi a unguwar Yalwawa ta garin Dutse, daidai hanyar da Lauratu ke bi zuwa firamaren da take koyarwa. A nan suka saba. Kullum in ta taso sai ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce "Injiniya, an wuni lafiya?" shi kuma ya washe baki kamar an ba shi kyautar Dutse duka. Ba shi da abin kushewa sai abu ɗaya. Tun farkon zuwan ma'aikata garin, lokacin da aka ba da sabuwar jiha, ya koyi kaɗa jita a wurin wani baƙo, abin kuwa ya shiga jininsa. Har ya haɗa wani ɗan akwati da kwankon tsohuwar rediyo, ya dasa masa makunni a sama. In ya taka da ƙafa sai muryar jitar ta sauya, ta yi kauri, ta riƙa jan sauti kamar mai kuka.

Sai dai akwatin yana da ciwo. Duk sanda aka taka makunnin sai lasifika ta yi wata ƙara, ɗas! kamar an fasa kwan fitila, kafin kiɗan ya fito. Wannan ƙara ta hana Mu'az sakat. Ya sauya makunni, ya sauya batir, ya gajarta wayoyi, ya sake narka dalma a kowace mahaɗa, a banza. Sau da yawa Lauratu ce kunnensa. Zai ce ta rufe ido ta saurara, ya taka, ta yi dariya ta ce tana nan daram. A lokacin abin wasa ne a wurinta. Ita dai in za ta ga yadda yake tattare goshi yana tsaki, ta ƙoshi.

Da aka fara shari'ar Musulunci, gari ya sauya. Masu kiɗan biki suka ja jiki, wanda a da ake kira har gida yanzu sai a gaisa da shi a tsaitsaye. Da Mu'az ya turo manyansa, Baffa ya ce ba shi da ja da mai gyaran rediyo, sana'a ce ta halak, amma ba zai haɗa zuri'a da makaɗi ba. Mu'az ya durƙusa ya yi alkawari ya ajiye jita. Baffa mutum ne mai yarda da maganar mutum, har ya ɗauko amfilifayar masallacin unguwa, na'urar ƙara sauti, da ta lalace ya kai masa gyara da hannunsa.

A nan Abdulrauf ya samu ƙofa. Ɗan ƙanwar Baffa ne, ya daɗe yana son Lauratu, ita kuwa ta gaya masa gaskiya tun da wuri. Sai ya ɗauki zaryar shagon, yana zama yana yabon aikin Mu'az kamar abokin arziki. Ranar da aka gama gyaran amfilifayar, shi ne ya ce ai ga dama ta samu, Mu'az ya jona akwatin a wannan lafiyayyiya ya gani, ko ƙarar daga tasa tsohuwar amfilifayar take fitowa. Maganar kuwa daidai take, duk mai gyara haka zai yi, abin da ya sa ta yi dafi ke nan. Mu'az na jonawa, Abdulrauf ya ce bari ya sayo ruwa. Sai ga shi ya dawo tare da Baffa.

Baffa ya tarar da jita a cinyar mai neman 'yarsa, wayarta a jikin abin da ake kiran salla da shi. Ya cire wayar, ya rungumi amfilifayar ya fita, ya ce an fasa maganar aure. Sai da Lauratu ta daina cin abinci, ta rame, sannan ya sassauto ya ba da wannan dama ta Juma'a.

Da ta kai wa Mu'az saƙon, bai ko yi gardama ba. Idonsa ya yi ja, ya ce ta fi masa jita dubu, ya ce wallahi ko hannunsa aka ce ya kawo zai kawo. Ta koma gida tana jin kamar an sauke mata dutse daga ƙirji.

Ranar Juma'a ta kasa zama. Ta leƙa zaure ta ga Baffa ya shimfiɗa tabarma, har da ta baƙo. Shiru, shiru, Mu'az bai zo ba. Ta zari hijabi ta nufi shagon.

Ta same shi sunkuye a kan tebur da farar rigarsa ta Juma'a, akwatin a buɗe, hayaƙin dalma na tashi.

"Injiniya... Baffa na jira."

"Yanzun nan, Laurena. Yanzun nan."

Ya ɗago mata wani ɗan mitsitsin abu mai zanen launuka, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Razista sunansa, ya ce, wani direba ya kawo masa daga Kano da safe. Ya gano ciwon. Wuta ce ke taruwa a cikin akwatin ba ta da hanyar zurarewa, sai an taka ta fashe gaba ɗaya. In ya liƙa wannan, za ta riƙa tsiyayewa a hankali. Yana bayanin yana haki kamar wanda ya yi gudu.

"Abin da za ka je ka ajiye, me za ka gyara a ciki?"

"So nake kawai in sani. In na sani, shi ke nan, na huta."

"Don Allah ka taso, masoyina. Don Allah..."

"Ki yi haƙuri, ɗan kaɗan ya rage."

Ta jingina da ƙofa. Tana kallo ya liƙa, ya hura, ya rufe, ya ɗauko jitar daga bayan kwalaye inda ya ce ya yi sallama da ita. Ya ɗora ƙafa a kan makunnin, ya taka.

Babu ƙara. Ya sake takawa. Babu.

Fuskarsa ta yi wani haske da Lauratu ba ta taɓa gani ba, ko ranar da ta ce ta amince da shi. Nan zuciyarta ta karye. Da Abdulrauf ne kawai, da ta yi faɗa da shi har ƙarshen rayuwarta. Da Baffa ne kawai, da ta ci gaba da kuka har ya haƙura. Wannan kuwa ba ta san ta inda za ta kama ba. Mu'az bai yi mata ƙarya ba da ya ce yana sonta, ta sani. Amma ta ga ƙarara in ya kai kayan nan yau, gobe zai haɗa wasu, ita kuma za ta ƙare rayuwarta tana ɓoye wa mahaifinta, tana tsaye a bakin ƙofa tana jira.

Yatsunsa suka sauka a kan igiyoyin jitar da kansu. Ya lumshe ido. Kiɗan ya fito tas, mai daɗi, daɗin da ya sa ta ji ta tsane shi.

Ba ta yi masa sallama ba, shi ma bai ga fitarta ba.

Ta bi gefen titi tana tafe tana share ido da bakin hijabi. A zaure Baffa na zaune inda ta bar shi. Ya dube ta, ya leƙa bayanta, ya sake dubanta. Sai a lokacin ta gane ashe shi ma so yake yaron ya zo.

"Yana tafe ne?"

Ta durƙusa, ta fara naɗe tabarmar baƙon.

"A'a, Baffa. Ba zai zo ba."