Dutsen da Ya Ɓata a Asibitin Haƙori

Ƙarfe tara da kwata na safe aka miƙa wa Sufeto fayil ɗin. Ya karanta sau biyu. A shekara ashirin da huɗu na aiki ya binciki satar mota da ta injin wanki, amma ba a taɓa kawo masa ƙarar dutse ba.

"Dutse, Kofur?"

"Mai rai, yallaɓai. Haka mai ƙara ya ce. Har an kama wadda ake zargi, tana bayan kanta."

"Ta amsa?"

"Kuka kawai take yi."

Wadda aka kama dattijuwa ce mai sharar wani ƙaramin asibitin haƙori, kowa Inna yake ce mata. Mai ƙara kuwa manajan asibitin ne, yayan likitar da ke da wurin. Ya sa hannu a takarda cewa ya gan ta shekaranjiya da yamma ta fita da abu a bokiti. In takardar ta isa kotu a haka, Inna ta rasa aikinta da mutuncinta a rana ɗaya.

A asibitin, akwatin gilashin kiwon kifi da dutsen ya ɓata daga ciki yana ɗakin jira, kusa da hoton wani haƙori mai murmushi. Bai kai girman talabijin ba. Kifaye biyu masu ruwan lemo suna zagaya wani gurbi a tsakiyar yashi.

"Ruwan gishiri ne," in ji Likita, ba ta ɗauke ido daga gurbin ba. "Wata takwas babu komai ciki sai duwatsu da kifi, ba launi. Sai mai shagon kifi ya ba ni murjani mai rai, irin na 'yan koyo, mai sauƙin kiwo. Kamar ƙananan furanni ne manne a dutse, kore da ja. Daga bakwai sun kai arba'in da uku."

"Ƙirga su kike yi?"

"Kowace safiya."

Sufeto yana da 'ya'ya huɗu, bai tuna ranar da ya ƙirga su ba. Ya tsuguna. A kan tayil akwai fararen ɗigo, ruwan da ya bushe ya bar gishirinsa.

"Yaushe Inna take goge ƙasa?"

"Ƙarfe biyar, sai ta tafi gida."

To, ɗigon bayan tsummanta suka zo. Kuma ba ƙofar fita suka nufa ba, ciki suka yi.

Manaja yana ofishinsa sanye da baƙin tabarau, labule a sauke. Ya yi tari kafin ya yi maraba.

"Na'urar sanyaya ɗaki ce ta kama ni," ya ce. "Ido da ƙirji duka."

"Allah ya sauwaƙe. Ka taɓa sa hannu a akwatin nan?"

"Ni? Ina ruwana da wasan ƙanwata? Fitilar kawai na kashe."

"Wace fitila?"

"Wata shuɗiya da ke samansa. Tana mai da fuskar marasa lafiya kamar ta gawa. Mutum ya zo cire haƙori, ai ba ka tuna masa da lahira ba. Mako biyu ke nan na bar farar kaɗai."

"Bokitin Inna, wane launi ne?"

Manaja ya gyara tabarau. "Ja."

A ɗakin ajiya bokiti ɗaya ne, shuɗi.

Ɗigon gishirin sun ƙare a ɗakin da ake tafasa kayan aiki. Cikin kwandon shara, ƙarƙashin auduga, Kofur ya hango buroshin haƙori sabo, gashinsa ya kwanta, duk ya yi yauƙi ruwan ƙasa.

"Wannan bakin ya ga duniya, yallaɓai," ya ce, ya miƙa hannu.

"Sa safar hannu tukuna. Ban san mene ne ba, kai ma ba ka sani ba."

Mai shagon kifi ya sani. Siriri ne, hannayensa duk sun yi fari saboda ruwa. Ya ɗaga ledar da Sufeto ya kawo, ya dubi buroshin da ke ciki, ya ajiye ta nesa da kofin shayinsa.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Shi nake nema. Faɗa mini abin da ka gani."

"An goge murjanin da buroshi. Irin wanda na sayar wa Likita yana da haƙuri, ko ruwa ya ɗan lalace ba ya mutuwa. Amma wasunsu na da dafi a yauƙinsu. Na gaya mata, safar hannu kullum, kuma kada ruwan zafi ya taɓa shi. Tururin ma kaɗai yana kama ƙirji. In ya fantsamu a ido kuwa, sai asibiti."

"Me zai sa mutum ya goge shi?"

Mai shagon ya kashe shuɗiyar fitilar wani akwati a gabansa. Furannin da ke walƙiya kore da ja suka dusashe nan take, suka koma ruwan ƙasa kamar tsatsa.

"Launin na fitila ne, ranka ya daɗe. Wanda bai sani ba sai ya ce datti ne."

Ƙarfe biyu Sufeto ya koma asibitin, ya sa Kofur ya taho da Inna. Ta zauna a bakin kujerar jira kamar baƙuwa. Ya duba hannuwanta da idanunta. Kaushi ne da jan kuka, babu komai bayan wannan.

"Manaja, cire tabarau."

"Likitan ido ya hana ni..."

"Wane likitan? Ga likita nan, uwarku ɗaya, ba ka nuna mata ba."

"Yaya," in ji Likita a hankali, "cire."

Ya cire. Idon hagu ya kumbura ya rufe ruf, yana ruwa.

"Da wannan idon ka ga Inna da jan bokiti?" in ji Sufeto.

Manaja ya zauna. Tarin ya riƙe shi na ɗan lokaci.

"Mai ɗaukar hoto zai zo gobe don tallar asibiti," ya ce. "Na ga abin ya yi dauɗa, ba kamar ranar da ta kawo shi ba. Na ce bari in wanke mata ya fito da launinsa. Na tafasa ruwa, na sa buroshi. Ina gogewa yana narkewa a hannuna. Kafin in ankara dutsen ya zama fari fat."

"Ina yake?"

"Cikin tukunyar shuka fulawa, bayan ofishina."

"Inna fa?"

"Na san halin ƙanwata a kan abin nan. Na ce Inna tsohuwa ce, za a yi mata faɗa a sake ta."

"Ta kwana bayan kanta," in ji Sufeto. "Ƙarar ƙarya da sa hannunka a kai. Kofur, ku biya asibiti a duba idon, daga nan caji ofis."

Likita ta juya wajen dattijuwar. "Inna, ki yi haƙuri. Ki huta yau, gobe ki dawo."

Inna ta kwance bakin zanenta ta ciro makullai uku. Ta ajiye su a kan gilashin akwatin, ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara goma sha tara, 'yata," ta ce. "Jiya da suka zo tafiya da ni, kina tsaye a nan. Ko tambayata ba ki yi ba."

Ta riga su fita. Kofur ya riƙe Manaja a damtse suka bi bayanta, saboda da ido ɗaya ba ya ganin matakala sosai. Sufeto ya rufe fayil ɗin.