Sunansa Jafaru

"Sunansa Jafaru!"

Tsit falon ya yi, kamar an yi ruwa an ɗauke. Matan da suka cika gidan Hajiya Ladidi a Sabon Gari don sunan jikarta, kowacce ta tsaya da loma a hannu.

Barakatu na tsaye a tsakiyarsu, yatsunta na murza bakin gyale kamar yadda take yi duk sanda hayaniya ta yi mata yawa. Agogon bango take kallo, amma da Hajiya take.

"Ja-fa-ru. Ba shi da wuyar faɗa. Tun da na zo kike cewa wannan yaron, wancan yaron. Kuma kin ce ba shi da amfani. Yana da amfani! Shi ya kafa rumfar nan, shi yake kai ki asibiti. In ke ba kya son sa, ni ina son sa!"

"Innalillahi..." wata tsohuwa ta dafe ƙirji.

"Wannan ce surukar?"

"Yau muke ganin fitsara!"

Hajiya Ladidi, mahaifiyar Jafarun, ta gyara zaman ɗankwalinta a hankali. Ko ɗaga murya ba ta yi ba.

"A fitar min da yarinyan nan."

A bakin ƙofa Naila ce ta matsa mata hanya, tana danne dariya da gefen mayafi. 'Yar ƙanwar Hajiya ce, wadda aka daɗe ana yi wa sha'awar Jafaru, shi kuwa ko a jikinsa. Ɗazu da mata suka yi ta yabon Jafaru, Hajiya ta kau da kai ta ce, "Wa? Wannan yaron? Ku bar zancen shi, ba wani amfanin da yake min," Nailar ce ta raɗa wa Barakatu a kunne: "Kin ji ko? Ba ta son shi fa. Ko sunan shi ba ta taɓa kira ba. Ba mai tsaya mishi, abin tausayi."

Naila ta san wadda ta raɗa wa. Mai neman kuka aka jefa da kashin awaki.

Kowace mace a falon nan ta san Jafaru ɗan fari ne, kuma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, alkunya ce. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu, a iska suka shaƙa. To Barakatu ba ta shaƙar irin wannan a iska. Ita sai an faɗa mata, baƙi da fari.

Likita ya kira abin otizim, a rediyo su ce galahanga, maƙwabta kuwa a Samaru ba su wahalar da kansu ba, shafar aljanu suka ce. Ba ta yi magana ba sai da ta shekara biyar. Sa'o'inta na 'yar gala-gala a dandali, ita tana gefe tana jera ƙwallayen dabino. Sanda suka fara kwalliya da zance, ita a lokacin take koyon cewa in an ce "ina gajiya" ba a so ka lissafo inda ke maka ciwo. Duk sun yi aure sun haifa, ita sai yanzu, tana neman talatin, ta san mene ne zuciya ta buga don mutum. Ta makara, haka kowa ke cewa, sai ka ce akwai motar da aka tsayar a tasha ana jiranta.

Lambun dashe take da shi a hanyar Bomo, mangwaro da gwaiba da zogale. Shi kuma Jafaru shagon iri da takin zamani gare shi a kasuwar Sabon Gari. Ranar da suka fara haɗuwa irin tumatir ta dawo masa da shi, ta ce, "Wannan ya mutu, kuma kai ma ba ka sani ba, an cuce ka." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar bai sake samun sukuni ba.

Washegarin suna saƙo ya iso Samaru: kayan sa rana da za a kawo ƙarshen wata, an fasa.

Da la'asar Jafaru ya zo lambun. Ya same ta tsugune tana cusa ƙasa a leda, tana yi da ƙarfi kamar ƙasar ce ta yi mata laifi.

"Hasken idona..."

"Idonka ba shi da haske, ja ya yi. Kuka ka yi?"

Ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya tsuguna nesa kaɗan, don ya san ba ta son a matse ta.

"Barakatu, Hajiya ta rantse. Ta ce kin tozarta ta a gaban dangi."

"Kare ka na yi."

"Na sani, masoyiyata. Wallahi na sani." Ya ja numfashi. "Kawu ya kawo shawara. Ya ce mu je da Ummanki, a ce ranar ciwonki ne ya motsa... a ce iska ce ta buge ki, ba a hayyacinki kika yi ba. Ya ce in an faɗi haka Hajiya za ta sauko."

Ta ajiye ledar.

"A ce aljanu ne suka ce ina son ka?"

"Magana ce kawai ta fatar baki..."

"Ni ce na faɗa! Ni, Barakatu! Da hankalina, da bakina!" Hannuwanta na kaɗawa, ba ta ma yi ƙoƙarin ɓoye su ba. "Tun ina yarinya duk abin da na yi sai a ce ba ni ba ce. In na yi shiru aljanu, in na yi magana aljanu. To abu ɗaya da na faɗa da ya fi komai gaskiya a rayuwata, shi ma a ba aljanu? Ba zan ba su ba!"

Jafaru ya sunkuyar da kai. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ke sa mutum ya ji ya tsani bakinsa.

"Ki yafe min. Ban kyauta ba da na kawo miki wannan." Ya ɗago. "Ba zan ɗaura aure ba sai da albarkar Hajiya, wannan kin sani. Amma ki ji da kyau, in ba ke ba, babu. Naila ta jira har furfura."

"Furfurarta ko taka?"

"Duka biyun."

Ta koma gida zuciyarta kamar ta fashe. Tana son sa, son da ba ta san inda ake ajiye shi ba, ga shi bakinta ya ja mata. Ummanta, Malama Hauwa'u, tsohuwar malamar firamare, tana tsintar shinkafa a tsakar gida.

"Umma, me ya sa uwa za ta ƙi ɗanta?"

Malama Hauwa'u ta ture farantin, ta daɗe tana kallonta.

"Laifina ne, ban taɓa faɗa miki ba. Zauna."

Ta warware mata alkunyar ɗan fari tiryan-tiryan, yadda ta saba warware mata komai. Barakatu ta yamutsa fuska.

"Amma ni ce 'yar farinki. Kullum kina kiran sunana."

"A da ba na kira. Ke nake cewa, ko yarinyar nan. Ko goya ki ba na yi a gaban surukaina." Idon Umma ya kawo ruwa. "Sai likita ya ce min, yarinyar nan ba za ta gane zagaye-zagaye ba. Ki kira sunanta, ki durƙusa a gabanta, ki ce kina son ta, kullum. Na zaɓa tsakanin kunya da ke. Dangin babanki ba irin sunan da ba su kira ni ba, marar ta-ido, 'yar boko. Ranar da kika juyo da na ce Barakatu, na manta da su gaba ɗaya."

Barakatu ta murza bakin gyale.

"Ke nan Hajiya tana son sa."

"Ƙila ma fiye da sauran 'ya'yanta."

"Kuma bai taɓa ji daga bakinta ba."

"Haka al'ada take."

Barakatu ta miƙe. "Gobe zan je."

"Ki bari in raka ki..."

"A'a Umma. Ke kin yi naki faɗan. Wannan nawa ne."

Da hantsi ta hau bas daga Samaru, ta toshe kunne da gyale saboda ihun kwandasta, ta sauka ta ratsa hayaniyar Sabon Gari rungume da dashen mangwaro a leda. Naila ce ta tare ta a zaure.

"Lallai ma! Wallahi ba ki da kunya. Me kika dawo yi?"

"Kin yi min ƙarya ranar suna. Na gane yanzu. Ina daɗewa kafin in gane, amma in na gane ba na mantawa. Matsa."

Naila ta matsa.

Hajiya Ladidi na kan darduma da carbi. Barakatu ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, gaisuwa cikakkiya, yadda ta haddace ta. Hajiya ta amsa a daƙile.

"An aiko ki ki ce iska ce ta buge ki ko? Na ji shawaran da ake kitsawa."

"An ce in faɗa. Na ƙi. Ba ni da aljanu, Hajiya, otizim gare ni, kuma ba ya warkewa. In kin karɓe ni, haka za ki gan ni har in mutu."

Carbin ya tsaya.

"Na zo ba ki haƙuri a kan abu ɗaya. Na ce ba kya son sa, ashe alkunya ce, ban sani ba sai jiya. Na kunyata ki a gaban mutane, wannan na yi laifi, ki yafe min. Amma cewa ina son sa, ba zan janye ba. Ko an sake tara matan nan zan maimaita."

"Ke ko kunyan idona ba kya ji?"

"Ba na kallon idonki ai."

Dariya ta taso wa Hajiya, ta yi maza ta mayar da ita tari.

"Yarinya, sa'o'inki tun suna 'yan shekara goma suka san abin nan."

"Na sani. Komai a baya nake zuwa. Magana ma a baya na zo, ƙawaye a baya, so a baya. Amma ina zuwa." Ta tura ledar gabanta. "Wannan aure aka yi masa da reshen wani mangwaron, shi zai riga yin 'ya'ya. Akwai wanda ba a yi wa ba, yana daɗewa, amma shi ma yana yi. Ban kawo shi don ki yarda ba, na ga tsakar gidanki ba inuwa ne."

Hajiya ta kalli dashen, ta kalli yarinyar da ke kallon agogo.

"Ina da tambaya," in ji Barakatu. "In ba kya so kada ki amsa. Bai taɓa ba ki wahala ba? Ki so mutum haka, ki kasa kiran sunansa?"

Hajiya ta ajiye carbin. Daga waje ana jiyo mai tallan doya.

Ba wanda ya taɓa yi wa Hajiya Ladidi wannan tambayar. Ta tuna yana ƙarami da ƙyanda ta kwantar da shi, kakarsa ce ta rungume shi, ita tana bakin ƙofa tana yi kamar ba ta damu ba. Ta tuna ranar da ya buɗe shago, kowa na sa albarka da suna, ita ta ce, "Allah Ya sa ya iya."

Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba.

"Sunan mahaifina ne fa aka sa mishi," ta faɗa da ƙyar. "Kunya biyu ke nan. Bakina ba zai iya ba, yarinya. Ya riga ya bushe a haka."

"To ni nawa yana iyawa."

Hajiya ta yi dariya cikin kuka, ta jawo ledar dashen kusa da ita.

"Tashi ki je gida. Ki ce wa Malama ƙarshen wata muna tafe."

"Muna tafe na gaske, ko irin na al'ada?"

"Na gaske, ja'ira!"

Bayan sallah aka ɗaura. Ranar da aka kawo amarya gaida uwar miji, falon nan dai ya sake cika da matan nan dai, ana ta yi mata huɗubar zaman aure. Tsohuwar da ta dafe ƙirji ranar suna ta ɗaga yatsa.

"Kuma mace ta gari ba ta kiran sunan miji gatsal. Sai ki ce maigida, ko..."

Daidai nan Barakatu ta hango shi ta taga, cikin babbar riga, yana zuba wa ɗan mangwaron ruwa da buta, yana neman kashe shi.

"Jafaru!" ta ƙwala daga cikin lulluɓi. "Ya isa haka, za ka ruɓar da saiwar!"

Salati ya kaure. Duk ido ya koma kan Hajiya Ladidi, ana jiran ta tsawatar.

Hajiya ta gyara ɗankwali, ta kalli taga, inda ɗanta ya juyo yana washe baki.

"Ku ƙyale ta," ta ce. "Har da nawa take kira."