Ranar Da Ingvild Ta Wanke Bargo

"Ingvild! Me kika yi? Me kika yi haka?!"

Eivind ne tsaye a ƙofar ɗakin wanki, ko takalmin ruwansa bai cire ba. Ingvild na durƙushe gaban inji, ta rungume abin da ɗazu da safe bargon mahaifiyarsa ne. Yanzu ya koma kamar tsumma. Gashin tsuntsun da ke ciki ya dunƙule curi-curi, sai ƙarni yake kamar jiƙaƙƙen kare.

"Likita ne ya ce..." in ji ta. "Ai kana wurin! Ya ce kada ta dawo gida ta kwana cikin ƙura, huhunta ba zai ɗauka ba..."

"Zannuwan gado ya ce. Bai ce wannan ba!"

Sai a lokacin ya gaya mata. Torunn, mahaifiyarsa, ita da mijinta suka tara gashin nan daga sheƙar agwagin teku a tsibirin nan da suke zaune, shekara da shekaru, kaɗan-kaɗan. A cikinsa mijin ya cika bara. Tun ranar ba ta yarda ko shanya shi a yi ba, ta ce ƙamshinsa na ciki.

"Me ya hana ka faɗa min?"

"A gidan nan ba a maganar."

Dama Torunn ba ta taɓa sakar wa Ingvild fuska ba. Tun da aka yi baikonta da Eivind "'yar birnin nan" take kiranta, ko a gaban mutane. Ga shi jirgin ruwan la'asar zai kawo ta daga asibiti.

"Eivind... in ta ce ka zaɓa fa?"



Ya karɓi bargon ya cusa a injin busarwa, ya jefa ƙwallayen tanis a ciki don su riƙa dukan curin. Ingvild ta kai hannu za ta ƙara zafi, ya riƙe ta.

"Kar ki soma! Gashin zai ƙone."

"To yaushe zai bushe?"

"Ban sani ba, masoyiyata... wallahi ban sani ba."

Dum, dum, dum, injin ke yi. In ya ɗan jima su fito da shi, su kakkaɓe, su bi curin da yatsu suna warwarewa, su mayar. Ya fara tashi kaɗan, amma tsakiya na nan jiƙe. In aka shimfiɗa mata shi da danshi, funfuna ce za ta shiga huhun da aka sha wahalar ceto. In ba a shimfiɗa ba, da ganin gado za ta gane.

Can suka ji ƙahon jirgi.

Maƙwabciya ce ta rako Torunn har ƙofa. Suka ji sandar Torunn a kan katako, tana bin ƙarar injin, har ta tsaya a kansu. Ta rame, rigar sanyinta ta yi mata yawa. Ta dubi injin, ta dube su.

"Kashe."

Eivind ya kashe. "Mama, ni ne na..."

"Ƙarya kake. Kai da ko safarka ba ka taɓa wankewa ba?"

"Ni ce, Torunn," in ji Ingvild da ƙyar. "Ban sani ba... Da na sani da hannuna bai taɓa shi ba!"

Torunn ta miƙa hannu, aka ba ta bargon. Ta cusa fuskarta a ciki. Ta daɗe. Ingvild na kallon kafaɗunta, tana jiran ta ga ta sulale ƙasa, tana lissafin yadda za a sake kai ta asibiti alhali jirgi ya juya.

"Babu shi," in ji Torunn. "Ya tafi."

Kuka ya ƙwace wa Ingvild. Eivind ya matso ya kama hannunta gam.

"Mama, ki yi fushi da ni yadda kike so. Amma ba zan rabu da ita ba. Ko me za ki ce!"

"Wa ya tambaye ka?"

Ta lallaɓa ta zauna a kan kujerar wanki, bargon a cinyarta. Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba.

"Tun kaka na daina jin ƙamshinsa. Kullum sai in sa hanci in yi wa kaina ƙarya. Na san ya kamata a wanke... hannuna ne ya kasa."

Ta shafa wata kusurwa, ta ɓata rai.

"Nan bai bushe ba. Zo nan, 'yar nan, kama can. A hankali, ba tsagawa ake ba. Kai kuma je ka ɗora kofi, ka daina tsaya mana a ka!"

Eivind ya fita yana waiwaye. Ingvild ta durƙusa tana warware gashin. Suka ci gaba da aiki, har hannun tsohuwar ya ci karo da nata a ƙarƙashin bargon. Ba ta janye ba, sai ta riƙe hannun Ingvild.

"Hannunki sanyi ƙalau. Haka za ki shiga min coci?"

Ingvild ta ɗago, ba ta yarda da kunnenta ba.

"Ku sa rana kafin agwagi su dawo," in ji Torunn. "In suka fara sheƙa, ba ni da lokacin biki."