Kabarin da Babu Kowa a Ciki

"Wa ya ba ki izinin tone mana kabari?"

Ruolan ta tsaya cak a ƙofar shagon taliya, ledar lemo a hannunta. Mama Fang, mahaifiyar saurayinta Weiming, ba ta ko ɗago kai daga tukunyar romo ba. A waje samari da 'yan mata sun yi dafifi, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton shagon.

"Mama, na rantse ban sa sunanku a labarin ba..."

"Kin sa koriyar ƙofarmu. Kin sa gurguwar kyanwarmu. Me kuma ya rage, 'yar boko?"

Ruolan marubuciya ce a intanet, kullum babi ɗaya, kuma masu karatunta sun daɗe suna zarewa. Sai ta shiga farautar shawara. Cikin masu koyar da rubutu, biyu suka tsaya mata a rai. Akwai wani mai kiran kansa Malam Alƙalamin Wuta, mabiyansa miliyoyi, kullum yana daka tsawa: "Masu karatu jini suke so! Ki nemo ciwo na gaske ki matse shi!" Akwai kuma wata tsohuwar edita da ba kowa ke kallonta ba, ita cewa take, "Ciwon da ba naki ba, ki nemi izinin mai shi tukuna."

Ruolan ta dubi yawan mabiya, ta yanke hukunci. Mutum in yana jin yunwar suna, mai ƙarar murya shi ne mai gaskiya a wurinsa.

Ciwon kuwa Weiming ne ya ba ta ajiya. Kabarin da suke sharewa duk shekara ranar ziyarar kaburbura, babu kowa a cikinsa. Mahaifinsa na nan da rai a kudu, da wata mace. Mama Fang ce ta kafa dutse, tana ƙona masa turare, don gara unguwa ta ce mijinta ya mutu da a ce guduwa ya yi ya bar ta.

Babin da ta zuba wannan sirri a ciki ya karɓu fiye da duk abin da Ruolan ta taɓa rubutawa. Dandan, 'yar maƙwabtan su Weiming da ta daɗe tana yi wa Weiming fari da ido, ita ta rubuta a ƙasan babin: "Kai, ai na san shagon nan!" Ta kuma faɗi sunan layin da shagon yake.

"Fita," in ji Mama Fang. "Jiya mai kifi ya tambaye ni ko zan ba shi aron kabarin, tunda ba a amfani da shi."

Weiming ya fito daga ciki, hannunsa duk gari. Ya ja Ruolan zuwa lungun bayan shago.

"Yaya Ming... na goge shi! Duba, labarin gaba ɗaya na goge!"

"Daga wayarki."

"Rabin raina, ka saurare ni..."

"Za ki goge shi daga bakin mai kifi? Mama ba ta iya zuwa kasuwa, Ruolan. Jibi zan mayar da ita ƙauye, shagon ma mun sa shi a kasuwa."

"Zan bi ku! Zan durƙusa mata har sai ta..."

"Ke kaɗai na taɓa faɗa wa." Muryarsa ta karye. "Ke kaɗai!"

"Cewa aka yi haka manyan marubuta suke yi..."

"Wanda ya ce miki, ya san Mama?"

Ta ɗago ta dube shi. Hawaye ne ke gangaro masa, suna yanka hanya cikin garin da ke kumatunsa. Ruolan ta ƙura musu ido, kuma kafin ta ankara zuciyarta ta fara jera kalmomi: yadda hawayen ya yi layi, yadda leɓensa ke rawa, inda ya kamata babin ya tsaya.

Weiming ya san wannan kallon. Ya sha ganinsa in tana gaban allo.

Ya ja da baya a hankali, ya share fuskarsa da gefen riga.

"Wannan ma rubutawa za ki yi, ko?"

Ta buɗe baki ta ce a'a.

Sai dai ta ɗan jinkirta kafin ta faɗa, shi kuma ya ga jinkirin. Ya koma ciki, ta ji ƙarar sakata.