Sunayen da Aka Goge

Kwana uku Albashir yana fama da na'urorin rumbun bayanan masuntan Argungu a ofishinsu na unguwar Badariya. Tun ranar da ya goge sunayen waɗanda suka rasu, ƙwaƙwalwar na'urorin take cika ɗaya bayan ɗaya, alhali manhajar ta nace ba ta riƙe da komai. Ya leƙa duk inda ya sani, babu.

Bayan isha'i ƙarnin kifi ya cika ɗakin. Wani tsoho na tsaye bayansa, ruwa na ɗiga daga rigarsa, amma ƙasa a bushe take.

"Ɗana, kun goge mu, ba ku sallame mu ba," in ji tsohon. "Ina mu ka zuwa?"

Albashir ya san fuskar nan. Hoton tsohon nan ne na farko da ya goge.